Taga Ba Ta Tace Iska

A unguwannin zango na Accra, irin su Nima da Maamobi, iyalai da yawa suna zaune a ɗakunan haya masu taga guda, gida manne da gida. An saba ba su shawarar buɗe taga domin ɗaki ya sha iska. Shawarar ba ta cika ba, domin taga ba ta tace abin da ke shigowa.

Iskar waje a nan ɗauke take da hayaƙin motocin babban titin Nima, da na gawayin masu abinci, da na sharar da ake ƙonawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu yana kawo ƙurar Sahara. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya gano cewa iskar Nima ta fi ta East Legon gurɓacewa.

Rufe taga ma ba mafita ba ce. Ɗakin da aka hura gawayi a cikinsa aka rufe yana tara iska mai guba, wadda kan kashe mutum cikin barci.

Abin da ya dace shi ne lura da lokaci: a rufe safe da maraice, sa'ad da cunkoso da girki suka yi yawa, a buɗe da rana idan iskar teku ta kaɗo. Sauran aikin ya fi ƙarfin ɗan haya. Wajibi ne masu gidaje su ƙara taga ta biyu, hukumomin Ayawaso ta Gabas da ta Arewa kuma su riƙa kwashe shara kafin a cinna mata wuta.