Man giya ba ya karanta agogon kilomita

Akwai wata magana da ta zama kamar karatun allo a bakin masu mota a Damagaram, musamman mu malaman makaranta da muke shekara da shekaru muna tari kafin mu sayi tsohuwar mota mai giya otomatik. Maganar ita ce: "Man giya ba a taɓa shi, kuma ai motar ba ta yi tafiya ba." Na ji ta a garaji, na ji ta a ɗakin malamai, ni ma na yi shekara shida ina maimaita ta. Yau na zo in ce ba gaskiya ba ce, kuma na san kuɗin da take ci, don aljihuna ta ci.

Motata ƴar Japan ce, ƙirar 2004, ta Kwatano ta shigo. Ranar da na karɓi makulli agogonta na nuna kilomita 78,000. Aikinta bai wuce kai yara makaranta, wucewa da ni wurin aiki, da leƙa kasuwar Dole ranar Alhamis ba. Cikin shekara shida ban ƙara mata kilomita 20,000 ba. Baƙin man inji kam ban taɓa wasa da shi ba. Sau ɗaya na tambayi makanikena batun man giya, sai ya girgiza kai ya ce: "Mushe, wannan jan man na kamfani ne. In ka zubar da shi ba ka samun irinsa. Bar shi kawai." Na ji daɗin amsar, don ba ta buƙaci in ciro ko dala ba.

Wata rana cikin Afirilu muna dawowa daga Mirriya da iyali, rana tsaka, na taka totur sai inji ya yi ta ruri mota kuwa tana jan ciki. Kafin mu shigo gari ta tsaya cak. Da aka kwance, man da ya fito baƙi ne kamar ruwan bunu, yana warin ƙauri. Sai da aka aika Kano aka sayo wata giyar ta hannu, abin ya lashe kusan albashin wata uku, yara kuma suka koma hawan kabu-kabu ana dab da jarabawa. Ban ɗora wa makaniken laifi shi kaɗai ba. Ni da nake koya wa yara lissafi ne na kasa yin lissafin da zan yi muku yanzu.

Malamin da ke zirga-zirga tsakanin gida da makaranta, a ce yana cin kilomita 10 a rana, kwana 300 a shekara, ya yi kilomita 3,000 ke nan. In yana jiran agogo ya ƙara kilomita 60,000 kafin ya canja man giya, shekara 20 zai jira. Wa ya taɓa ajiye man gyaɗa shekara 20 a ɗakin girki ya ce yana nan lafiya don ba a soya komai da shi ba? Shi ya sa littafin da ke zuwa da mota yake ba da sharaɗi biyu ga ayyukan kula da ita, kilomita ko watanni, duk wanda ya riga cika. Mu muka riƙe na farko muka yar da na biyu, saboda na farkon ya fi mana sauƙi.

Ya kamata mu san aikin man nan tukuna. A giyar hannu, mai santsi kawai yake bayarwa. A otomatik kuwa shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi ne ke matse faifan kulocin da ke ciki duk lokacin da mota za ta canja giya, shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai lagireto a sanyaya. Babban maƙiyinsa zafi ne. Zafi na sa shi ya tsufa, sinadaran da aka zuba masa su ƙare, ya fara barin dauɗa mai danƙo a ƴan ƙananan hanyoyin da yake bi. Daga nan faifai su fara sulɓi, sulɓi ya ƙara zafi, zafi ya ƙara ƙona man.

To wane gari ne ya fi namu ba shi abin da ba ya so? A Afirilu da Mayu zafin Zinder na haura digiri 40 a inuwa. Tuƙinmu na cikin gari tsaya-tafi ne, giya na ta hawa tana sauka tsakanin ƴan kabu-kabu da amalanke. Lungunan Birni da Zango da sabbin unguwanni yashi ne, kuma ba abin da ke dafa man giya kamar mota ta kafe a yashi direba yana jifa da ita daga D zuwa R. Ga lodi: motar mutum biyar ta ɗauki takwas da buhun hatsi. Duk wannan ba ya fitowa a agogo. Kilomita 5 a yashin unguwa da rana tsaka sun fi kilomita 50 a kwaltar Maraɗi wahalar da giya.

Ga kuma ruwa. Kowa na tuna daminar 2024, wadda ta kai ga rushewar tsohon masallacin Birni a watan Satumba. Motoci nawa ne suka ratsa ruwa har ƙofa a wannan shekarar? Akwatin giya na da ƴar kafar shan iska a samansa, ruwa na iya shiga ta nan, kuma ɗan kaɗan ya isa ya ɓata faifai. Wanda motarsa ta yi iyo bai da hujjar duba agogo.

Shi kansa agogon ma, wa ya ce gaskiya yake faɗa? Motocinmu sun yi rayuwa guda a Turai ko Amurka kafin su sauka tashar Kwatano ko Lome, suka bi hannu uku ko huɗu kafin su iso duwan. Mayar da agogo baya tsohuwar sana'a ce a kasuwar tsofaffin motoci ta duniya. Sannan motar da ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, wato 80,000 da kake gani kilomita 128,000 ne. Abin da ba a iya ɓoyewa shi ne shekarar ƙira. Mota mai shekara 20 da ba ta zo da takardar shaidar an taɓa canja man giyarta ba, ka ɗauka ba a taɓa ba.

Masu cewa kada a taɓa suna da hujjoji biyu, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba. Ta farko: kamfanoni da kansu sun ce man na tsawon ran mota ne. Gaskiya ne, wasu sun faɗa, har akwai motocin Toyota da aka rubuta a sandar awon mai cewa ba sai an canja ba. Amma a karanta rubutun har ƙarshe, an ce a yanayin tuƙi na yau da kullum. Yau da kullum ɗin Nagoya ko Lyon daban yake da na Tanut. Kuma kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera wa BMW giya, shi da kansa yana ba da shawarar a canja man da aka ce na har abada ne. Tsawon ran mota a lissafin mai sayar da sabuwa bai kai shekarun da mu muke fara sayenta ba.

Hujja ta biyu ita ce ta fi shiga rai: "Wane ya canja, bayan sati biyu giyarsa ta mutu." Haka na faruwa, amma a tambayi wane ɗin yaushe ya canja. Kusan kullum sai da giya ta fara fizga, ko tana jinkirin kamawa, sannan ya tuna da mai. A lokacin faifai sun riga sun cinye, garinsu da ke yawo cikin tsohon man ne ke ɗan riƙe su. Sabon mai ya zo ya wanke garin, sulɓi ya fito fili. Mara lafiyar da aka kai asibiti yana gargara, in ya cika ba a cewa allura ce ta kashe shi. Wani lokacin kuma laifin na man da aka zuba ne: wanda bai dace ba, ko na jarkar bakin hanya da ba a san asalinsa ba.

Abin da na yarda da shi daga ɓangarensu guda ne: man giya ba baƙin man inji ba ne, ba ya buƙatar canji kowace shekara, kuma makaniken da ke matsa maka haka kuɗinka yake so. A ra'ayina, a yanayi irin namu, shekara huɗu zuwa biyar ko kilomita 50,000, duk wanda ya riga. Wanda ya sayi mota ba tarihi, ya canja sau ɗaya cikin watannin farko, daga nan ya fara ƙirga.

Kafin ka je garaji, ka duba da kanka. A yawancin motoci ana awo ne inji ya yi zafi yana aiki, mota a wuri mai daidai, giya a P, amma Honda sai an kashe inji ake aunawa, don haka a duba littafi. Ka ɗiga man a farar takarda. Ja mai haske, lafiya lau. Ya koma ruwan ƙasa, lokaci ya yi. Ya yi kalar madara mai ja-ja, ruwa ya shiga, kada ka ƙara tuƙa ta. In kuwa baƙi ne mai ƙauri kuma giya ta riga ta fara sulɓi, canjin mai ba zai dawo da faifai ba, gyara ne a gabanka.

In za a canja, a kwance a tsiyaye abin da ya fito, a auna, a mayar da daidai shi. Lita 3 zuwa 4 ne kan fito, kusan rabi na maƙale a ciki, saboda haka ana iya maimaitawa bayan ƴan watanni. Tsohuwar giya ba ta son a tura mata mai da inji mai ƙarfi. In tana da faranti a ƙasa, a cire a wanke maganaɗisun da ke ciki, a duba filta. Kuma ka tsaya a kan sunan man da aka rubuta a sandar awo ko littafi, Dexron III ne, T-IV ne, WS ne. Jan launi kawai ba shaida ba ce. Giyar CVT kuwa manta daban ne sam. Ka sayi galan a rufe, a buɗe a gabanka.

Na ƙarshe kuma aikinmu ne mu malamai. Muna da rajistar sunan kowane yaro da makinsa, amma motar da ta ci mana tarin shekaru ba ta da ko ɗan littafi. A sayi kaye guda a ajiye a aljihun mota, a rubuta rana da kilomita da sunan mai. Mai mota ya canja, littafi ya bi ta.

Motar malami ita ce motar asibitin unguwa in naƙuda ta tashi da dare, ita ce ke kai yara jarabawa. Kuɗin lita huɗu na mai bai kai ko kusa da abin da na biya ba. Bazara na tafe, ku ciro sandar ku duba tun yau. Allah ya tsare mana hanya.