A Rubuta Kuɗi Da Sunansu

Jama'a fatake, wannan "400K" da ake turo mana ta waya, dubu 400 ke nan. To, dubun me? Sefa, naira ko sidi?

Mu nan Zangon Wagadugu da dala muke lissafi: dala sefa 5 ce, jaka sefa 1000. Bakano kuwa jakarsa naira 200. Wanda ya taya sa "dubu arba'in" na dala, sefa dubu 200 ya faɗa. Baƙo ya ji daban, rigima ta tashi gaban dillali.

Shawarata, kuɗin sa ko albashin mai kora, a rubuta adadi cikakke da sunan kuɗin, gaban shaidu. Allah ya sa mu gane.