Kada A Sa Wa Mamaci Magana A Baka

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, wata fitina ta kunno kai a fagen waƙa, kuma wajibi ne mu yi magana tun ba ta fi ƙarfinmu ba. Yau akwai manhajar kwamfuta wadda za a rubuta mata baiti, ta rera shi da murya irin ta ɗan Adam. Kamfanin Yamaha na Japan ne ya ƙera Vocaloid, ta shiga kasuwa a 2004. Zuwa 2023 abin ya kai ga sata tsirara: aka saki waƙa da muryoyin Drake da The Weeknd alhali ba su rera ta ba, sai da kamfanin faifansu ya sa aka janye ta.

Wani zai ce, ina ruwan Matazu? Ruwanmu ne ƙwarai. Maƙwabciyarmu Musawa ce ta haifi Alhaji Mamman Shata, wanda ya zauna a Funtuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Waƙoƙinsa sun cika kaset-kaset da wayoyi, kuma abincin na'urar ke nan: a ɗura mata tsohuwar murya, ta koyi amonta, ta faɗi abin da mai ita bai taɓa faɗi ba.

A ƙasar Hausa waƙar makaɗi shaida ce. Wanda aka wasa, sunansa ya zauna. Wanda aka yi wa zambo, har jikoki sai sun ji. To, ranar da wani ɗan takara zai sa "Shata" ya yabe shi, ko ya ci mutuncin abokin hamayyarsa, wa zai gaya wa manomin da ke saurare a kasuwar Matazu cewa ƙarya ce? Mamaci ba ya tashi ya musanta.

Masu kare abin suna cewa ai ci gaba ne, haka aka yi surutu da fiyano ta shigo waƙoƙin fim. Ba ɗaya ba ne! Fiyano abincin mai kalangu ta rage. Wannan kuwa sunan mutum da amanarsa take ɗauka.

Saboda haka muna kira da abu uku. Na farko, duk waƙar da na'ura ta rera a bayyana haka a kanta. Na biyu, kada a taɓa muryar mawaƙi sai da yardarsa ko ta magadansa. Jihar Tenesi ta Amurka ta yi irin wannan doka a 2024, Majalisar Tarayya ma ta yi mana tamu. Na uku, sassan Hausa na jami'o'inmu su tattara waƙoƙin asali su adana, domin gobe a sami abin da za a auna jabu da shi.

Gemun maƙwabci ya riga ya kama wuta. Mu shafa wa namu ruwa.