Naƙuda Ba Ta San Dokar Kulle Ba



Zancenmu na wannan wata kan masu juna biyu ne, da darasin da annobar Korona ta bar mana. In ba mu manta ba, a ƙarshen Maris na 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar hana fita dare da rana, ba a sassauta ta sosai ba sai a watan Yuni. Kasuwanni da makarantu duk aka rufe, amma naƙuda ba ta san doka ba. A nan Unguwar Sanusi mun ga mata sun daina zuwa awo, wasu don tsoron ɗaukar cuta, wasu don rashin abin hawa. Haihuwa ta koma ɗaki, a hannun ungozoma.

Ungozoma uwa ce, ba mai raina ƙoƙarinta. Sai dai akwai abin da ya fi ƙarfin hannunta: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, da doguwar naƙuda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata 287,000 suka rasu sanadiyyar ciki da haihuwa, kimanin 82,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne.

Ko a Amurka, duk da arzikinta, a 2021 cikin kowace haihuwa 100,000 baƙaƙen mata kusan 70 suka rasu, farare kuwa kusan 27. Daga cikin dalilan da masana ke kawowa har da rashin sauraren mace idan ta koka da ciwo. Mu kuwa a nan, kunya ke rufe mana baki tun kafin a saurare mu, musamman mai cikin fari. Haba 'yar uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi!

An janye matakin gaggawa na Korona a Mayun 2023, amma tsakar dare da ruwan sama da yajin aiki suna nan. Don haka, uwargida, ki yi shiri tun da wuri. Ki fara awo da zarar kin tabbatar da ciki. Sau takwas ake so kafin haihuwa. Ku zauna da maigida ku tsayar da asibitin da za a je, ko na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada ko wani na kusa. A ajiye lambar mai Keke Napep da ɗan kuɗin mota, a kuma san wanda zai ba da jini. In kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannu, ko jariri ya daina motsi, kada ki jira gari ya waye.

Ku kuma iyayenmu surukai da ungozomomi, don Allah ku riƙa cewa "a tafi asibiti" da wuri. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a wata mai zuwa. Wassalam.