Abin Da Bauchi Za Ta Koya Daga Tsibirin Zanzibar

A 'yan shekarun nan masu hannu da shuni daga ƙasar nan sun mayar da tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya wurin hutunsu. Sukan je su ga farin rairayin bakin teku, su zaga gonakin kanumfari, su ratsa lungunan tsohon garin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Da dala ake biyan duk kuɗin wannan tafiya, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 kowace dala ta zama abin tattali.

Kanumfari ne ginshiƙin arzikin tsibirin a dā. Da farashinsa ya faɗi a shekarun 1980, sai hukumomi suka juya ga yawon buɗe ido, har baƙin da suka shiga a 2019 suka haura 500,000. Kusan dukkan mutanen tsibirin Musulmi ne, kuma a 2021 gwamnatinsu ta gindaya wa baƙi ƙa'idojin sutura a cikin gari. Wannan ya isa amsa ga masu tsoron cewa karɓar baƙi daidai yake da zubar da tarbiyya.

To, mu a Bauchi ba mu da teku, amma muna da Yankari. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya dawo hannun jiha a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, yana ɗauke da ɗaya daga cikin garkunan giwaye mafi girma da suka rage a Nijeriya, ga kuma ruwan Wikki wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina. Ban ga abin da zai hana mai iyali daga Kano ko Legas kashe nairarsa a nan ba.

Sai dai a ganina muna kuskuren ma'auni. Mukan ƙirga mutanen da suka ratsa ƙofar Mainamaji, alhali abin da ya kamata a ƙirga shi ne kwana nawa baƙo ya yi, kuma nawa ne ya saura a hannun mutanen gari cikin abin da ya kashe. Wanda ya sauka a filin jirgin saman Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, mota ta wuce da shi ta Dindima, ya kwana ɗaya ya juya, kusan babu abin da ya bar wa birnin Bauchi. Da za a haɗa masa Yankari da kabarin Tafawa Ɓalewa, da gandun Sumu, da fadar Sarki, musamman lokacin hawan Salla, da kwana ɗayan ya zama uku, kuma maɗinka, dukawa, direbobi da masu abinci sun ga amfanin zuwansa.

A nan Zanzibar gargaɗi ce gare mu. Yawancin manyan otel-otel na bakin teku jarin 'yan kasuwar waje ne, abinci da kayan aiki da dama daga waje ake shigo da su, sa'an nan ribar ta bi hanyar da jarin ya biyo. Masuntan ƙauyuka kuwa suna takarar ruwan sha da otel masu tafkin wanka. Idan aka damƙa masaukin Wikki ga ɗan kasuwa, wanda ni ina goyon baya domin aikin otel ba na ma'aikacin gwamnati ba ne, dole yarjejeniyar ta fayyace kason ma'aikata da na cefane da za a ɗauka daga Ƙaramar Hukumar Alkaleri.

Tun da aka ƙaddamar da haƙar man Kolmani a 2022, hankali ya karkata can. Amma mai yakan ƙare, giwa kuwa haihuwa take yi muddin mafarauta sun ƙyale ta. Hare-haren 'yan bindiga a gundumar Gwana a 2025 sun nuna inda ya kamata kuɗin farko su tafi: albashin masu gadin daji, motocin sintiri da gyaran hanyoyin cikin gandun, kafin a kashe ko kwabo a kan talla.