Sigari da uzurin gado

Wani abokina malami ya sha gaya mini cewa hankalinsa ba ya tattaruwa sai ya zuƙi sigari. Na ɗauka uzuri ne kawai, har na karanta binciken Cibiyar Pasteur ta Faransa na 2017. An sanya wa ɓeraye wani sauyi a ƙwayar gadon CHRNA5, mai gina gurbin da nikotin ke maƙalewa, sai aikin goshin ƙwaƙwalwarsu, mazaunin natsuwa, ya yi sanyi. Nikotin ya farfaɗo da shi.

Sai dai tun 2008 aka danganta wannan sauyi da yawan shan taba da sankarar huhu. Kuma a Turawa ya yawaita, da wuya a same shi a jinin Afirka. Abokina kuwa Bakatsine ne gaba da baya.