Husufin Rana Da Wahalar Komowa Gida

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a ƙasar nan a shekarar 2006 ba zai manta da ran Laraba, 29 ga watan Maris ba, sa'ad da rana ta yi husufi da hantsi, duhu ya rufe Gusau da Katsina da Maraɗi da Damagaram, har tsuntsaye suka nufi sheƙa suna zaton magariba ce. An daɗe ana ba da labarin abin da aka gani a sama ran nan. Mu kuwa yau so muke mu yi magana bisa abin da ya same mu a ƙasa, watau kan hanyar komowa gida, domin wannan sashen ne ke hannun ɗan Adam, shi ne kuma ake iya gyarawa kafin wani husufin ya zo.

A lokacin muna sababbin malamai a wata makarantar horon malamai, gidajenmu kuwa suna Kaduna ta Kudu, ƙetaren kogi. Masana ilmin taurari sun riga sun sanar da cewa a Kaduna wata zai rufe mafi yawan rana, amma ba zai rufe ta duka ba, wanda ke son ganin cikakken husufi sai ya yi arewa. Saboda haka muka ɗauki ɗalibai talatin cikin mota biyu, muka tashi tun ran Talata, muka bi ta Zariya da Funtuwa da Tsafe, muka kwana a Gusau. Wajen ƙarfe goma da rabi na safe abin ya auku. Iska ta yi sanyi, inuwa ta ɓace, rana ta zama baƙin faifai da farin haske kewaye da shi. Waɗansu mutane suka shiga masallatai don sallar kisfewa, waɗansu suka tsaya baki buɗe. Duhun bai cika minti huɗu ba. Amma darasin da muka shekara muna zanawa da alli a jikin allo, yara suna haddacewa ba su gane ba, cikin minti huɗun nan ya zauna musu daram. Gani ya kori ji.

To, haske na dawowa sai kowa ya ruga mota. A nan ne asalin wahalar yake, ya kamata kuma a lura da shi. Masu zuwa kallon husufi ba tare suke zuwa ba. Wani ya zo shekaranjiya, wani jiya, wani ya yi sammako yau. Amma abin da ya tara su cikin minti guda yake ƙarewa ga kowa, sai kuma kowa ya so komawa gida cikin wannan sa'a.

Muka iso Kawo bayan la'asar, daidai lokacin da ma'aikata ke tashi daga ofis. Daga nan tafiya ta zama ta hawainiya. Da muka kusa babbar gadar da ke ƙetare kogi zuwa hanyar Kachiya sai kome ya tsaya cik, ashe wata babbar mota ce ɗauke da buhuna ta mutu a bakin gada. Da direbobi sun tsaya a layi ɗaya da an riƙa raɓawa ta gefenta ana wucewa sannu a hankali. Ina! Wani ya ga gabansa ya toshe sai ya buɗe layi na biyu, wani ya buɗe na uku, har aka shiga hannun masu tahowa daga Kudu. Su ma can suka yi haka. Aka yi kiciɓis a tsakiya, goshi da goshi, ba mai iya gaba, ba mai iya baya. A gefen titi muka yi sallar magariba, a nan muka yi lisha. Ruwan shan da muka taho da shi ya ƙare, ga zafin bazara. Muna hangen fitilun Barnawa da Kakuri a ƙetare, amma ba damar isa. Cikin ɗaliban akwai 'yan mata waɗanda muka yi wa iyayensu alkawarin dawo da su kafin faɗuwar rana, wayar hannu kuwa a lokacin ba kowa ke da ita ba. Sai bayan ƙarfe goma na dare muka sauke na ƙarshe a ƙofar gidansu, muka tarar da mahaifinta tsaye a waje da fitila. Bai yi mana faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne ba za ta sake bin wata tafiyar makaranta ba, ba ta kuwa sake ba.

Gaskiya ita ce waɗanda suka fita daga Kaduna don kallon husufin 2006 ba su da yawa. Yawancin motocin da suka cushe a bakin gada na masu komawa gida ne daga aiki, kamar kullum, 'yan kallo kaɗan ne suka ƙaru a kai. Wannan kuwa shi ya fi ba mu tsoro. In ƙari kaɗan da mota guda da ta lalace sun isa su tsai da gari sa'o'i, ina ga ranar da taro na gaske ya taso?

Dalilin abin yana cikin yadda aka kafa garin. Da aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo ta Kaduna a 1917, ofisoshin Gwamnati suka zauna arewa da kogi, babbar tashar jirgin ƙasa kuwa tana kudu da shi. Daga baya masana'antu suka bi tasha. An buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957, waɗansu masaƙu suka biyo baya, kana aka kafa ma'aikatar haɗa motocin Peugeot a 1975. Gari ya zama ɓari biyu, kogi a tsakani, dubban mutane suna kwana a wannan gefe suna aiki a wancan. Ban da su kuma, matafiyin da ya taso daga Kano ko Katsina ko Zariya zai tafi Abuja ko Lokoja, nan zai ƙetare. Haƙiƙa an yi aiki tun daga 2006. An ƙara gadoji bisa kogin, an sāke gina gadar sama ta Kawo aka buɗe ta a 2022, ga kuma hanyar Nnamdi Azikiwe da ke zagaye gari ta yamma. Duk da haka wuraren ƙetarewa ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba, motoci kuwa kullum ƙaruwa suke yi.

Bari mu yi lissafi irin wanda muke ba 'yan aji huɗu. A ce layi guda bisa gada yana wuce da mota 20 a minti ɗaya, watau 1,200 a sa'a. In mota 6,000 suka iso cikin sa'a biyar, ba wanda zai tsaya. In kuwa suka iso gaba ɗaya, na ƙarshe sai ya jira sa'a biyar cur, ko da ba motar da ta lalace, ko da kowane direba waliyyi ne. Yawan motocin bai sāke ba, faɗin gadar bai sāke ba, lokacin isowa kaɗai ya raba. Saboda haka maganin farko shi ne a rarraba lokacin tashi.

Kada a ce wannan ciwon namu ne mu kaɗai. Masana sun daɗe da gano cewa husufi yakan maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da sa'a 8, sa'a takwas ɗin nan kuma takan sa ya faɗa can yamma da inda ya faɗa da farko. Wanda muka gani a Gusau shi ne ya komo ran 8 ga Afrilu 2024, ya ratsa Meksiko da Amurka da Kanada. Amurka ƙasa ce mai manyan hanyoyi, hukumominsu kuma sun yi watanni suna gargaɗi, domin sun riga sun ɗanɗana irin wannan cunkoso a husufin 21 ga Agusta 2017. Amma a jihar New Hampshire, inda babbar hanya ke matsewa ta zama layi ɗaya tsakanin duwatsu a wurin da ake kira Franconia Notch, mutanen da suka tashi da yamma har tsakar dare suna cikin mota, waɗansu sai goshin asuba suka isa gida. Matsatsin duwatsunsu shi ne gadarmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Ran Litinin, 20 ga Maris 2034, da hantsi, cikakken husufi zai sāke ratsa Nijeriya. Zai shigo ta wajen Ikko, ya bi ta tsakiyar ƙasa, ya wuce Kamaru da Chadi. A 2006 layin duhu yana arewa da Kaduna, mu mutanen ƙetaren kogi kaɗai muka sha wahalar gada. Wannan karon layin zai bi ta kudu da mu. Duk makarantar Kano ko Katsina ko Zariya da ta so nuna wa yaranta abin da muka nuna wa namu, mai yiwuwa ta Kaduna za ta wuce da safe, ta Kaduna za ta komo da yamma, ran aiki kuma, ba ran hutu ba. A tuna kuma cewa a shekarun da suka biyo bayan 2006 hanyar Abuja zuwa Kaduna da ta Funtuwa zuwa Gusau sun yi ƙaurin suna saboda 'yan fashi da masu satar mutane. Jinkirin da ya jefa mota cike da yara cikin tafiyar dare ya wuce maganar gajiya.

Wani zai ce jinkirin hanya ƙaddara ce, ba a iya kauce mata. Mun yarda cewa gobara da ambaliya da haɗari ba sa yin sallama. Amma husufi ya yi sallama tun shekaru kafin ya zo, ya faɗi ranarsa da sa'arsa da garuruwan da zai sauka. Ba wani taron jama'a da aka san lokacinsa daidai wa daida kamarsa. Al'ummar da ta iya lissafin ranar da wata zai tare rana ba ta da hujja in ta kāsa lissafin motocin da za su bi ta kan gada.

Shawararmu ga 'yan'uwanmu malamai ita ce, wanda zai kai yara ya shirya kwana biyu, daren zuwa da daren komowa, ya nemi masauki a wata makaranta ta can tun da wuri, ya taso washegari da safe sa'ad da hanya ta sarara. Wanda ba shi da halin kwana ya tsaya har husufin ya ƙare sarai, gama bayan cikakken duhu akwai fiye da sa'a guda da wata ke janyewa daga fuskar rana, darasi ne shi ma, yara kuma su ci abinci kafin a tashi. A riƙe ruwa fiye da yadda ake zaton za a bukata. A gaya wa iyaye gaskiyar lokacin dawowa, kada a yi alkawarin da hanya za ta karya.

Ga akawuna da ma'aikatan ƙananan hukumomi, magadan En'e ta da, ku ne ke rubuta takardun da manya ke sa wa hannu. Ku sa ranar nan cikin fayil tun yanzu. A nemi Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da 'yan sanda su tsai da mutane a bakin kowace gada, a ajiye motar janwe kusa, a hana manyan motoci hawa gada daga azahar zuwa lisha, a juya matafiyan da ba su da bukata a cikin gari su bi hanyar zagaye. A roƙi hukumar jirgin ƙasa ta ƙara jirage tsakanin Rigasa da Abuja. In ya yiwu a tashi ma'aikata kashi-kashi. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar gina sabuwar gada.

Ga direbobi kuwa, layi na biyu da na uku su ne suka mai da jinkirin rabin sa'a ya zama na rabin dare. Sauri ya haifi nawa. Wannan ma aikin malamai ne, domin yawancin waɗanda za su riƙe sitiyari a 2034 yau suna zaune gabanmu a aji, ko ba su daɗe da tashi ba. Allah ya nuna mana ranar lafiya, ya komo da kowa gidansa da sauran haske.